SUNA, JAGORA DA MASAUKI: MAGANAR SHAFIN ƘUNGIYARMU NA INTANET

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin kuɗi, ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini, ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabon Wuse. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

 

Shugaba ya ce in tashi in yi bayani a kan maganar shafin intanet da aka ce za a buɗe wa ƙungiya da makarantarmu ta Islamiyya. Na san wasu za su ce, me ya haɗa mai sayar da kwanon rufi da siminti da wannan magana? Gaskiyarku. Ni ban yi boko mai zurfi ba, Islamiyya na yi, daga nan sai kasuwa. Abin da ya sa aka tsayar da ni shi ne na taɓa shiga wannan harka da kuɗina, na ƙone hannu, sa'an nan na zauna na koya ala tilas. Kuɗin da ke hannun ma'aji kuwa kuɗinku ne, har da na matan da suka kawo ɗari biyar biyar. Ranar Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna ya zaɓi wanda za a ba aikin. Ina so kafin ranar kowa ya san abin da za a saya masa.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya sani. Garin Suleja ba Suleja ne sunansa na asali ba, Abuja ne. Sarki Abu Ja, jinin sarakunan Haɓe na Zazzau, shi ya kafa shi a 1828. A 1976, zamanin Janar Murtala, aka yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. To ku duba. Wanda ya rubuta wasiƙa a 1970 ya sa Abuja a bayan ambulan, gindin fadar Sarki wasiƙarsa za ta sauka. Yau in ka rubuta wannan kalma ɗin dai, bayan Zuba za a wuce da ita. Suna bai sauya ba. Inda sunan yake nunawa ne ya sauya.

Namu kuma ya zo a juye. Iyayen wasunmu a tsohon Wuse aka haife su. Da aikin birni ya zo aka taso su aka kawo su nan bakin hanyar Kaduna. Mutane suka taso da tukwanensu da awakinsu, amma suna ya zauna can. Yau in ka ce wa direba Wuse, kasuwar cikin birni zai kai ka. Mu sai da muka ƙara Sabon a gaba kafin a gane mu. Ba ƙorafi nake ba, abin da ya wuce ya wuce. Na kawo shi ne domin duk maganar da zan yi yau ba ta wuce wannan ba: suna daban, wurin zama daban, kuma akwai wani na uku, mai nuna wa baƙo hanya daga suna zuwa wurin zama.

Abu uku ake saye idan za a buɗe shafi. Yawancin yaran da ke wannan aiki sukan dunƙule su su ba ka farashi ɗaya, kai kuma ka biya ba ka san guda nawa ne a cikin buhun ba.

Na ɗaya suna. Shi ne abin da mutum zai rubuta a wayarsa, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng. Ku sani ba a sayen suna ɗungurungum, haya ake yi, shekara shekara. Na biyu masauki, watau kwamfutar da ke kunne dare da rana wadda aka ajiye hotunanmu da rubuce-rubucenmu a cikinta. Kamfanin da ke ba da wannan wuri ni fatoma nake ce masa, domin aikinsa bai bambanta da na fatoman da kakanninmu ke sauka wurinsa a Gwanja ba: ya ba ka ɗaki, ya tsare maka kaya. Na uku shi ne ake kira DNS. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace kwamfutar masauki tana da lambarta. DNS kundi ne da ke cewa suna kaza yana lamba kaza, wasiƙun imel na suna kaza kuma a kai su wuri kaza. Wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, shi ya tsara shi a 1983. Ku ɗauke shi kamar mai unguwa: baƙo ya sauka a tasha ya ce gidan wane nake nema, sai a haɗa shi da yaro ya raka shi. In mai unguwa ya yi tafiya bai bar kowa ba, gidanka na nan, kana ciki ma kana shan shayi, amma baƙonka zai koma bai gan ka ba.

Yanzu ga abin da ya same ni. A 2019 wani yaro mai hankali, ɗan mutunci, ya yi mini shafi na shagona. Na biya shi, na ji daɗi, na sa aka rubuta sunan shafin a allon shago, a rasit, har da kalandar da na raba wa abokan ciniki. 'Yan kwangila daga Kubwa da Bwari suka fara turo mini oda ta imel. Ban taɓa tambayarsa da sunan wa ya yi rajista ba. Ashe da sunansa ya yi, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. Ba cuta ya nufa ba, haka ya ga ana yi. Bayan shekara biyu ya sami aiki a kudu, ya sauya layi. Lokacin sabunta haya ya zo, kamfani ya yi ta aika masa tunatarwa a akwatin da ya daina buɗewa. Ni ina shago ban san wainar da ake toyawa ba.

Wata safiya wani abokin cinikina ya bugo ya ce, "Alhaji, lafiya? Ka koma harkar caca ne?" Na ce wace irin caca? Ya ce in buɗe shafina. Jama'a, na buɗe na ga tallar caca da hotunan da ba zan iya faɗa a gaban malamai ba, ga sunan shagona a sama. Wa'adi ya ƙare, kwanakin rangwamen da ake bayarwa su ma sun ƙare, wani can a wata ƙasa ya kama sunan. Na nemi kamfanin rajistar, suka ce ba su san ni ba, kuma gaskiyarsu, babu sunana a takarda ko ɗaya. Wanda ya kama sunan ya ce zai sayar mini da dala, kuɗin da ya fi na tirelar siminti rabi. Na haƙura. Na sa aka shafe allo da fenti, rasit bandir guda na ƙona. Abin da ya fi ci mini rai, odar da aka yi ta turowa a wancan imel har yau ban san hannun wa ta faɗa ba.

Saboda haka maganata ta farko ga kwamiti, kuma in kun manta da sauran kada ku manta da ita: a yi rajistar suna da sunan ƙungiya. Imel ɗin da za a yi rajistar da shi ya zama na ƙungiya, kalmar sirri tana hannun mutum uku, shugaba da sakatare da ma'aji, a rubuce, cikin ambulan. Yaron da zai yi aikin a ba shi izinin shiga ya yi aikinsa, amma shi ma'aikaci ne, ba mai gida ba. Wani zai ce ai ɗanmu ne, rashin yarda ne wannan. A'a. Malamanmu na zaune, su suka karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Rubutu ba zargi ba ne.

Sai wane irin suna za mu ɗauka. Ni ra'ayina na ƙasarmu, mai ƙarewa da .ng. An ba Nijeriya wannan alama tun 1995, kuma hukumar da ke riƙe da kundinta yau ita ce NiRA, wadda aka kafa a 2005. Ita ba ta sayar wa mutum kai tsaye, tana da dillalai da ta tantance, kuma sunayensu na nan a shafinta kowa na iya dubawa. Akwai .com.ng na 'yan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi irin tamu, .sch.ng na makarantu. A duba a tabbata wanda za mu biya dillali ne da ke cikin jerin, ba ɗan kayi-nayi ba. Ɗan kayi-nayi ba ɓarawo ba ne, mu ma muna da su a kasuwa, amma ranar da rigima ta tashi shi ma wani zai je ya roƙa.

Dalilina na son .ng ba kishin ƙasa kaɗai ba ne, lissafi ne. Sunan .com da masaukin waje da dala ake auna su, ko da dillalin nan ya karɓi naira a hannunka. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Alal misali masaukin dala 60 a shekara, wanda ka biya naira 27,600, da sabuntawa ta zo sai ka nemo 90,000, kuma ba a ƙara maka komai ba. Kun kuma tuna a 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara buɗewa. Mutane da yawa ga kuɗi a asusu amma ba hanyar biya. Ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karo ba ta da ƙarfin irin wannan rawa. In hali ya yi a biya hayar sunan ta shekara biyu ko uku a lokaci guda, a rubuta ranar ƙarewa a littafin sakatare.

To, mu zo kan jagora, DNS ke nan. Wata 'yar gyara tukuna, saboda na ga samari suna gyaɗa kai. Ba lambobin nan da kuke sauyawa a waya nake nufi ba, 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Waɗannan masu tambayo maka hanya ne. Ni ina maganar mai riƙe da kundin sunanmu, wanda shi ake zuwa a tambaya.

Galibi fatoman da ya ba ka masauki shi zai ce bari in riƙe maka kundin ma, kyauta. Da sauƙi, ba na musu. Amma ka tara suna da jagora da ɗaki a hannun mutum ɗaya. Ran da injinsa ya tsaya, ko kuka ɓata, komai ya tsaya tare, har imel. Akwai kamfanonin da wannan aiki shi ne sana'arsu, su kula da kundin, su baza kwafinsa a kwamfutoci a garuruwa da yawa na duniya, in ɗaya ta mutu wata ta amsa. Cloudflare na yin wannan kyauta ga ƙananan shafuka, kuma suna da injuna a Legas. Amazon na da nasu mai suna Route 53, na kuɗi ne, da dala. In kundinka na wurin irin waɗannan, ka ga fatoma ya fara wasa, sai ka kama ɗaki a wani wuri, ka shiga kundi ka goge tsohuwar lamba ka sa sabuwa. Cikin 'yan awoyi, in ya daɗe kwana ɗaya ko biyu, baƙi sun koma sabon gida, kuma ba wanda ya san ka yi ƙaura. Sunan ya bi ka ke nan, ba irin na Wuse ba.

Kada dai ku ɗauka manya ba sa faɗuwa. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka kai wa wani kamfanin DNS na Amurka mai suna Dyn hari, aka tara dubban na'urori da aka yi wa kutse, har da kyamarorin tsaro, suka yi ta jefa masa tambayoyin banza har ya kasa amsa na gaskiya. Twitter da Netflix suka ɓace wa jama'a da yawa, alhali injunansu lafiya lau. Na 4 ga Oktoba 2021 kuwa kowa a nan ya gani da idonsa: bayan la'asar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke wajen awa shida. Mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka sake sayen data. Kuskure ne aka yi a cikin gida wanda ya sa aka kasa isa ga kundinsu. Mu dai ba Facebook ba ne, in shafinmu ya ɗauke awa shida ba wanda zai kwana da yunwa. Abin da nake so kawai a tambaya: kwamfutoci nawa ke amsa sunanmu, kuma duk a ɗaki ɗaya suke? Ƙa'ida aƙalla biyu.

Maganar masauki ita ce ta fi yawan surutu a bakin masu talla, amma a wurina ta fi sauƙi. Akwai gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ku da yawa kuna raba kwamfuta guda. Da arha, sai dai in maƙwabci ya kwaso baƙi rututu kowa zai ji a jikinsa. Akwai wanda za a yanka maka sashenka da ƙofarka. Akwai gida sukutum, wannan na bankuna ne da manyan kamfanoni. Ɗaya daga cikin takardun farashin da aka kawo wa kwamiti ta sashe ce, an kuma rubuta arha ƙwarai. Na tambaya, wa zai riƙa sabunta manhaja, wa zai toshe kafar ɓarayi, wa zai tashi in ta tsaya da tsakar dare? Aka ce ai ku ne. Watau ɗaki ne ba mai gadi, ba mai shara. Wanda kamfani ke kula da shi da kansa ya fi tsada, amma mu da ba mu da ma'aikacin kwamfuta shi ne namu. Abin da za mu ajiye ma nawa yake? Sanarwar taro, ta'aziyya da ɗaurin aure, sakamakon jarrabawar yara, hotunan saukar karatu. Ɗakin gidan haya mai kulawa ya ishe mu shekaru.

Sai a tambayi fatoma a ina injinsa yake. Kamfani na iya zama na Nijeriya, ofis a Legas ko Abuja, amma kwamfutar tana Ingila ko Jamus ko Amurka. Ba laifi ba ne, can wuta ba ta ɗaukewa, shi ya sa. Amma ku tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a wajen gaɓar Kodebuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ta yi ta rarrafe, harkar wasu bankuna ta tsaya, masu POS suka zauna suna kallon mutane. Abin da ke ajiye a cikin ƙasa, a wurare irin su Rack Centre da ke Ikeja ko MDXi da ke Lekki, wanda kuma ke haɗe da mahaɗar cikin gida ta IXPN, ba ya buƙatar tsallaka teku kafin ya iso wayarka. Masu duba shafinmu 'yan Tafa ne da Suleja da Madalla da Gauraka, sai 'ya'yanmu da ke Kaduna da Kano. In farashin bai yi nisa ba ni na fi son na gida. In ya yi nisa, ba zan yi rigima ba, a ɗauki na waje.

Inda zan yi rigima shi ne kwafin ajiya. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus. Wasu sun yi asarar komai domin kwafin nasu ma a harabar yake. Mu 'yan kasuwa mun san gobara, ba wanda zai koya mana. Fatoma ya riƙa yin kwafi kullum, mun gode, amma duk wata sakatare ya sauke namu ya ajiye a wurin da ba na fatoma ba. Kuma a gwada mayar da shi ko sau ɗaya, kada ranar buƙata a tarar da buhu ba komai ciki.

Za ku ga suna rubuta kashi 99.9 cikin ɗari, wai yawan lokacin da shafi zai kasance a buɗe. Na sa ɗana ya buga mini lissafin. Kashi 99.9 na nufin zai iya ɗaukewa kusan awa 9 a shekara. Kashi 99 kuwa, da ka ji kamar duk ɗaya ne, ya haura kwana uku da rabi. Wanda kuma ya ce maka wurin ajiyarsa ba shi da iyaka, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa, iyakar tana can. Shaidar tsaron nan da ke sa adireshi ya fara da https, kada a caje mu kuɗi mai yawa a kanta, tun 2015 Let's Encrypt ke ba da ita kyauta. Farashin shekarar farko ma kada ya ruɗe ku, irin ɗanɗanon mai ƙilishi ne. A tambayi na shekara ta biyu, a rubuce.

Akwai gwajin da nake yi wanda ba ya cikin kowace takarda. Kafin in biya, nakan aika musu tambaya da ƙarfe goma na dare, ko ranar Lahadi, in zauna in ga yaushe za a amsa, kuma mutum ne ya amsa ko inji. Sa'an nan in tambaye su kai tsaye: ran da na ce zan tashi, yaya za ku ba ni kayana, kuma kwana nawa za ku ɗauka kafin ku ba ni lambar sauya dillali? Wanda ya amsa wannan ba tare da ya ɓata rai ba, da shi nake ciniki. Cikin kamfanoni uku da aka kawo mana na gwada duka a makon jiya. Ɗaya ya amsa cikin minti ashirin, ɗaya washegari, ɗaya har na fito daga gida yau shiru. Ba zan faɗi suna a nan ba, na ba shugaba a rubuce.

Abin da nake roƙon taro ya amince wa kwamiti ke nan: suna na .org.ng da sunan ƙungiya a wurin dillalin da NiRA ta tantance, kundin DNS a wani kamfani daban, masauki ƙarami mai kulawa wanda za a biya da naira. Mai gyara ko ƙari ya sami sakatare kafin ranar Alhamis. Samarin da suka iya wannan aiki kuma, ina roƙon biyu daga cikinku su zo zaman Asabar, bayan sallar la'asar, a ajin farko na Islamiyya, ku zo da kwamfutarku domin a buɗe imel ɗin ƙungiya a gaban kowa.